Rufin Marsandin Tok Jalil

"Opah, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya. Lafiya lau na tashi, sai da na leƙo na gan ka."

"Ni ma ba da son raina na zo ba. Labari ne ya kai mana har Ipoh cewa akwai wata tsohuwa a bakin kogi da ta hana sauro barci da mita. Sauron na zo ceto."

"To ka yi zumunci. Kai da su ai ƙafarku iri ɗaya ce."

Hilmi ya kafe babur ɗinsa a gindin kwakwa, ya kwance ƙullin da ya ɗauro a baya, ya zo ya kama hannun kakarsa ya kai goshinsa. Hannun ya ƙara ramewa a kan yadda ya bar shi. Opah Saodah na zaune a matakalar gida cikin farin mayafi, ba ɗan kunne, ba kwalli. Takabarta ta kusa ƙarewa. Tun ranar da aka kai mijinta, Tok Jalil, makwancinsa a bayan masallacin ƙauyen, ƙafarta ba ta ƙetare shingen gidan ba.

Gidan na katako ne a kan dogayen ginshiƙai, saboda ambaliyar kogin Perak, kuma a ƙarƙashinsa motar take, lulluɓe da tamfol. Tsohuwar Marsandi ce mai kujera biyu, ruwan toka. Tok ya yi shekara da shekaru yana tuƙa wani Bature na kamfanin haƙar kuza a cikinta, da kuza ta faɗi aka rufe kamfanin sai Baturen ya bar masa ita ya koma ƙasarsu. Rufinta na ƙarfe ne, irin wanda ake kwance makullansa a ɗaga shi ɗungurungum in ana son shan iska. Yanzu yana gefe a kan tsofaffin tayoyi, an birkice shi, cikinsa na kallon sama kamar kwale-kwale. Tok ne ya sa aka sauke shi, ya fara warware shi zai gyara, sai ciwo ya kwantar da shi. Gwangwanayen madarar da ya rarraba notuna a ciki suna nan jere a kan benci yadda ya bar su.

Akwai maganar da Hilmi ya taho da ita a ciki, aka hana shi furtawa. Mahaifinsa Nordin, wanda yake ce wa Abah, shi ne ya aiko shi. Wani attajiri daga Penang mai tara tsofaffin motoci ya ga hoton Marsandin a waya, ya ce in aka gyara rufin ya koma yadda ya fito daga kamfani, zai saya. Ana fita takaba kuma za a ɗauki Opah zuwa Kuala Lumpur, a rufe gidan. Abah ya ce kada a gaya mata maganar motar sai an gama. Hilmi gyaran bodin mota ne sana'arsa, kuma a ƙarƙashin gidan nan, a hannun Tok, ya fara riƙe sifana. Tun daga hanya yake jin kansa kamar mahaucin da aka kira ya yanka ragon gidansu.

"Me ka ƙullo?" in ji Opah. "In toshi ne ka mayar. Ban fita takaba ba, ko na fita kuma ba zan auri mai babur ba."

"Wa ya ce miki toshi ne? Yanzu da abokin takarata ya janye, ai kyauta za a ba ni ke, a haɗa min da kaji."

"Bai janye ba, gaba ya yi ya kama mana wuri. Kai kuwa ko takalminsa aka ba ka, ciki za ka shiga ka kwanta ka ja ƙofa."

"Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa nake lallaɓa ki."

"Zumar ta fi ƙarfin ƙuda irinka. Wuce ka yi abin da ya kawo ka."

Ya shiga ƙarƙashin gidan ya tuɓe rigarsa ta sama. Bai gama buɗe akwatin kayan aiki ba sai ga ta tana saukowa matakala ɗaya bayan ɗaya, tana dafa katako. Ta zauna a kan wata 'yar kujerar tsuguno da ke dab da rufin.

"Wannan sukudireba ba naka ba ne. Ajiye."

"Gado na ci."

"Ba a raba ba tukuna. Da aka lissafa magada, sunanka ya zo bayan na mage."

"Ki bar ni in yi aiki, Opah. Ko a garejinmu mai gida ba ya tsaya mini a ka haka."

"Shi ya sa motocinku ke fitowa ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ga ta liman da kuka gyara, in tana tafe sai ka ce kaguwa."

Ya fara da fararen ƙarafan nan masu sheƙi da suka kewaye bakin rufin. Tok ya cire na gefe ɗaya, ya naɗe su a jarida, ya bar na ɗaya gefen. Hilmi ya feƙe wani guntun itace ya cusa a ƙarƙashi yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, don ƙarfe a kan ƙarfe lanƙwasa su yake yi. Haka Tok ya koya masa. Yana cikin yi sai wani ɗan maƙalin da ke riƙe ƙarfen ya ce ƙas, ya rabu biyu.

"Ka karya."

"Tsatsa ce ta karya."

"Tun kafin a haifi ubanka suke zaune lafiya shi da tsatsar. Sai yau da ka zo suka yi faɗa?"

"Ana sayar da irinsa a Ipoh."

"Ana sayar da hannu mai hankali a can? In akwai ka sayo biyu."

"Ke da ko tayar keke ba ki taɓa kwancewa ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau kan kwakwa ba zai hango ba. Sau nawa na riƙe wa kakanka fitila a wurin nan? Ni na san notin da ke da taurin kai, na san wanda sai an lallashe shi. Wancan na kusurwa kada ka murɗa shi da ƙarfi, ka ɗiga masa mai ka bar shi ya yi tunani."

Ya ɗiga man, ya bar shi. Ya koma kan makullan da ke ɗaure rufin da jikin mota, ya kwance su ya jiƙa a kananzir. Da ya dawo kan notin kusurwa, sai ya juya ba gardama. Bai ɗago ya dube ta ba, amma yana jin idonta a ƙeyarsa.

"Ka ce wani abu mana, bakanike."

"Ko agogon da ya mutu yakan dace da lokaci."

"Tusa dai ba ta hura wuta."

Sai aka zo kan gilashin baya. Robar da ke riƙe da shi ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar ƙaho. Hilmi ya bi ta da wuƙa yana yanka a hankali har ya zagaye. Gilashin irin mai lanƙwasa ne, in ya fashe ba a samun wani a ƙasar nan. Dole mutum ɗaya ya tura daga ciki, wani ya tara daga waje.

"Bari in kira maƙwabcinku ya kama mini."

"Ya tafi gonar roba tun asuba. Kawo in riƙe."

"Ke? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba a ce a haɗa da sillen kara ba."

"Da sillen karan nan na ɗauki ubanka, na ɗauke ka, kuma kai, kanka kaɗai ya fi gilashin nan nauyi. Shimfiɗa katifar can."

Ya shimfiɗa tsohuwar katifa, ta durƙusa a kai tana nishi, ta tara tafukanta. Ya tura da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa. Gilashin ya yi ƙara kamar zai ƙi, sannan ya saki, ya sauka a hannunta. Ta rungume shi a ƙirji har ya zagayo ya karɓa. Da suka kwantar da shi, ta sa bakin mayafinta ta goge wani wuri a ƙasan gilashin.

"Nan kake manna hancinka. Muna gaba ni da shi, kai an cusa ka a bayan kujeru kamar buhun gawayi. Ranar da muka je Taiping ka cika cikinka da duriyan, ɗan itacen nan mai ɗoyi, ka amayar mana da shi a nan. Wata guda motar na wari. Ya ce zai kai ka kasuwa a musanya masa da ɗan akuya."

"Me ya hana?"

"Masu akuya sun ce sai ya yi ciko."

Hilmi ya yi dariya. Ya juya yana neman tsumma, alhali tsumman na kafaɗarsa.

Opah ta hau sama ta sauko da shayi mai madara da soyayyar ayaba. Ta ce ba don shi ta soya ba, kaji ne suka ƙi ci. Ya cinye tas. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu, iska ta canza. Yana goge hannu ta nuna ƙullin da ƙafa.

"Har yanzu ba ka buɗe abin kunyar ba."

Ya kwance. Sabon yadin silin ne na cikin rufi, farar leda mai ƙananan huji, irin wadda motar ta zo da ita. Sai da ya zaga shaguna kafin ya samu. Ya warware shi a kan benci da ɗan alfahari.

"Wannan ka sayo?"

"Irinsa ne sak. Daga waje aka kawo shi."

"An ga baƙauye an yi masa wayo. Ledar teburin mai shayi aka yanko maka. Dubi huji, ko asu ya riga mu ci?"

"Haka ake yin sa, don ya sha iska."

"Kai ma kanka haka aka yi shi, shi ya sa ba ya riƙe komai. Wannan fari haka, fat, sai ka ce likka…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta janye hannunta daga kan yadin ta sa cikin mayafi. Can bakin kogi wani jirgin kwale-kwale mai inji ya wuce, suka saurare shi har ƙararsa ta ɓace. Hilmi ya naɗe yadin ya tura shi ƙarshen benci.

Ya durƙusa a gaban rufin zai fara ɓamɓare tsohon silin. Yadin ya yi ruwan ƙasa saboda tsufa, ya saki a wurare, ƙura ta kwanta a kansa da kashin tsaka. Ya kama bakinsa inda gam ya riƙe, zai ja.

"Kada ka taɓa wannan."

"Shi ne aikin ai, Opah."

"Ka goge shi da sabulu ka bar shi. Lafiyarsa lau."

"Lafiyarsa lau kamar gwiwarki."

"Gwiwata ta kai ni Makka ta dawo da ni. Na ce ka bari."

Muryar ba ta zolaya ba ce. Ya sake yadin, ya dube shi da kyau. A lokacin ya ga abin da ya yini yana kallo bai gani ba. A ɓangaren direba akwai wani tabo mai duhu, zagayayye, faɗin tafin hannu. Tok dogo ne, in ya zauna a motar kansa na gogar silin, kuma bai taɓa fita ba tare da ya shafa man kwakwa a gashinsa ba. Shekaru ne suka taru suka yi wannan tabon. Ko'ina a silin ƙura ce, ban da nan. Nan kam fes yake, har ya yi santsi. Ya dubi 'yar kujerar da take kai, ya ga yadda ƙafafunta suka nutse a ƙasa, suka yi wa kansu gurbi. Ba yau aka ajiye ta a wurin ba.

Sai ya koma zolayar da ya saba.

"Ashe zance kike saukowa yi a ɓoye. Ni ina can ina tara kuɗin sadaki."

"Ina ruwanka? Da aurena."

"Me yake ce miki?"

"Abin da ya saba. Ba komai. Ni ke magana, shi yana jin." Ta miƙa hannu ta ɗora a kan tabon. "'Yan'uwan ubanka sun wanke komai, Hilmi. Kwana biyu da rasuwa suka bi gidan da sabulu, matashi, zanin gado, hulunansa, wai don kada in riƙa tunani. Sun kyauta, ba da mugunta suka yi ba. Na shiga ɗaki na rasa shi gaba ɗaya. Nan ne kawai hannunsu bai kai ba. In rana ta yi zafi yana tashi, ƙamshin. In an yi ruwa kuma sai na sa hanci sosai."

Ruwan ya sauko a lokacin, da ƙarfi, yana zuba daga bakin kwano kamar labule. Ƙarƙashin gidan ya yi duhu. Hilmi ya kunna fitilar wayarsa, ya ɗaga bakin silin ta ɓangaren fasinja inda ya riga ya saki, ya haska ciki. Soson da ke tsakanin yadi da ƙarfe ya zama gari. Tururuwa sun yi gida. Ƙarfen kuwa ya yi ja, yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Ya danna da sukudireba, bakinsa ya shige.

"Zo ki gani."

"Ba na son gani."

"Ruwa ya daɗe yana shiga ta robar gilashi, soson ya riƙe shi. In ban cire yadin na kankare na yi walda ba, damina biyu rufin nan ya zama rariya. Yadin ma zai bi shi."

Ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Daga waje kuwa ba ka ce ba."

"Daga waje fenti ne."

"Shi ma haka ya yi mini. Ya yi wanka, ya shafa mansa, ya sauko nan yana fito. Ashe ciwon ya daɗe yana cinsa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni a cikin ɗakin nake kwana ban sani ba. Da na ce ya rame, sai ya ce girkina ne ya lalace." Ta ja hanci. "Har da shi a raina mini girki. Mutumin da ke lashe kwano."

"Ai gaskiya ya faɗa. Ayabar ɗazu ma don kunya na ci."

"Kunyar ce ta sa ka ci har da ɓurɓushi."

Ta koma kan kujerarta. Hilmi ya zauna a kan taya, sukudireba a hannu, bai san ta inda zai ɓullo ba. Ita ta ɓullo masa.

"Mutumin Penang ɗin ne ke son fari?"

Ya ɗago da sauri.

"Rufe bakin kada ƙuda ya shiga. Ubanka a nan ƙasa ya tsaya yana waya, ni ina sama a kan sallaya. Daɓen gidan nan katako ne, tsakanin kowane biyu akwai kunne. Tun yana yaro bai iya ɓoye abu ba, in ya saci sukari sai ya zo ya tambaye ni ko na ga alama a bakinsa."

"Opah, ni ban so…"

"Na sani. Zomo ba ya fushi da makashinsa, ni kuma ba zan yi da maratayi ba. Aiko ka aka yi. Shi ma Nordin ba laifinsa ba ne. Yana tsoron a buga masa waya a ce na faɗi a matakala ba kowa. A can bene yake zaune, mota ɗaya ma da ƙyar suke samun wurin ajiyewa. Ina zai kai wannan?"

"Za ki tafi ke nan?"

"Zan je. Uwa ba ta sa ɗanta kwana da fargaba. Za su ajiye ni a sama kusa da gajimare in riƙa kallon motoci kamar ƙwari." Ta dubi motar. "Gidan zan iya rufewa, ba inda za shi. Kabarin ma yana nan. Amma a ce wani da bai san sunansa ba ya zauna a kujerar nan, kansa a inda nasa yake, ya kai ta wurin baje koli ana ɗaukar hoto… Ka ga, wannan ne ya tsaya mini."

Hilmi ya ji idonsa ya cika. Ya sunkuyar da kai yana kankare tsatsar da ke bakin sukudireba da farce.

"Kuka kake yi?"

"Garin soso ne ya shiga mini ido."

"Mijin da zan aura ke nan. In ɓarawo ya shigo ni zan goya ka."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta hau matakala. Yana jin takunta a kan katako bisa kansa, daga falo zuwa ɗaki. Ya ji an ja wani abu mai nauyi, sannan shiru. Shirun ya yi tsawo. Sau biyu yana miƙewa zai hau, yana fasawa. Bai taɓa silin ba. Ya ɗauki makullan da ya jiƙa yana gogewa da burushi, har suka yi haske bai daina ba.

Ruwan ya fara tsagaitawa lokacin da ta sauko. Idanunta sun yi ja, amma ta wanke fuska. Almakashin ɗinkinta na hannu ɗaya, a hammatarta kuma wani abu naɗe a takarda.

"Matsa. Ba zan bar mai karya ƙarfe ya taɓa shi ba."

Ta durƙusa da kanta, ta ce bismillah, ta huda yadin da bakin almakashi. Yankan ya tafi daidai, hannun tsohuwar mai ɗinki. Ta zagaye tabon ta bar masa baki kaɗan, ta ɗago shi, ta karkaɗe garin soson da ke bayansa. Ta ninke shi biyu ta sa a cikin rigarta. Inda ta yanke, jan ƙarfe ya bayyana.

"To, yage sauran."

Ya ja. Yadin ya taso da ƙara, ƙura ta turnuƙe, tururuwa suka watse da ƙwayayensu a baki. Ya zare siraran sandunan ƙarfen da ke riƙe silin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙasa yadda suke don kada su rikice. Rufin ya koma ƙarfe tsirara. Ɓarnar ta tsaya a baya da gefe ɗaya, gaba da sauƙi.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru. In yanke ruɓaɓɓen wurin in sa sabon ƙarfe, in bi da sanfefa, in yi fenti. Kafin ki fita takaba yana kan mota."

"Allah ya sa ba cika baki ba ne. Ungo."

Ta miƙa masa naɗin. Ya buɗe. Zannuwan maza ne guda biyu, irin na ɗaurawa a tafi masallaci, masu gida-gida, shuɗi da kore da jan zare. Sababbi ne, ko karinsu ba a fasa ba.

"Na Sallah na saya masa. Bai kai ba. Da su za ka yi silin."

"Da zani?"

"Yadi ne mai ƙarfi, ya fi ledar mai shayinka. Ni zan haɗa su, in yi musu aljihun sandunan. Kai dai shafa gam, shi ma in ka iya."

"Opah, mutumin nan cewa ya yi komai sai ya zama na asali. In ya leƙa ya ga zanin zuwa masallaci a kansa, ko shayi ba zai tsaya sha ba. Gudu zai yi."

"Ƙafarsa ce. Hanyar Penang kuma a buɗe take."

"Abah zai kashe ni."

"Ubanka ni na haife shi, ni na yaye shi. Ka ce masa tsohuwa ce ta rikice, ta tsare ka da almakashi. Ba ƙarya ka yi ba, ga shi a hannuna."

"In ba a saya ba, wa zai riƙe ta? Mota ba ta son zama."

"Akwai wani mummunan yaro a Ipoh, mai ƙafar sauro. Kakansa ya ce hannunsa ba laifi, in dai ba a gaya masa ba. Ya riƙa zuwa yana tayar da ita, ya buɗe tagogin gidan su sha iska. In ya ga dama ya biya Kuala Lumpur ya sauko da wata tsohuwa daga gajimare, ya kawo ta ta gaida mijinta."

Hilmi ya riƙe zannuwan a ƙirji. Bai taɓa yi mata maganar kirki ba, sai ya koma zolaya.

"Watau dai kin yarda. Sadakin ne kika biya da kanki, har da mota."

"Ladan direba ne. Miji na riga na yi, ba na sakewa."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta. Ya goge fuska da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu.

"Na sallama, Opah. Kin ci."

"Yaushe ka taɓa ci? Ajiye zanin kada ka ɓata shi da wannan hannun. Ɗauko magwaji ka auna mini faɗin rufin, ka faɗa da ƙarfi. Ka auna sau biyu, don ban yarda da kai ba."